Masu Auna Iska Kafin Su Hau Ta

Fasinjan da aka ce masa ya dakata, ko aka bar jakarsa sai jirgi na gaba, yakan ɗauka wulaƙanci ne. Sau da yawa lissafi ne, kuma lissafin gwanaye. Tun kafin matuƙin jirgin sama ya kunna inji, ya riga ya auna kaurin iskar da zai hau.

Fiffike iska yake takawa, inji kuma ita yake zuƙa. Idan zafi ya tsananta sai ta yi shara-shara, fiffike ya rasa abin kamawa, ƙarfin inji ya ragu. Mizanin da duniya ta yarda da shi digiri 15 ne a bakin teku, yana raguwa da kusan digiri 2 a kowace ƙafa 1,000 ta hawa. Filin jirgin Malam Aminu Kano yana kusan ƙafa 1,560 sama da teku, wato a takarda digiri 12 ya kamata a samu. To, wa ya taɓa ganin 12 a Kano da azahar a watan Afrilu? Ma'auni yakan kai 40. Matuƙa suna lissafa kusan ƙafa 120 a kan kowane digiri da ya haura mizani, sai ka ga jirgi yana Kano amma yana ji kamar yana ƙafa 4,900, sama da filin jirgin Jos ke nan. Titin da ya wadatar da asuba sai ya gajarce da rana. Nan ne matuƙi zai zauna da jadawalinsa, ya haɗa zafi da nauyi da tsawon titi, ya ce a rage kaya ko a jira la'asar sakaliya. Binciken jirgin EAS da ya faɗa unguwar Gwammaja a Kano ranar 4 ga Mayu 2002 ya ambaci wannan zafin cikin dalilai.

Hazon hunturu da sauƙi, tunda kowa yana ganinsa. In bai bar titi ya bayyana ba, a juya wani gari.

Wadda ta fi ha'inci ita ce iskar da ke rikitowa daga gindin hadari. Takan faɗo ƙasa da ƙarfi, ta fantsama kowace kusurwa, faɗinta bai kai kilomita 4 ba, cikin 'yan mintoci ta wuce. Jirgin da ya shige ta yakan fara cin karo da iskar gaba, gudunsa ya ƙaru, ya ɗan ɗaga. Wanda bai ƙware ba sai ya rage wuta. Daƙiƙu kaɗan iskar ta danno shi daga sama, sannan ta koma bayansa, gudun ya zube alhali ƙasa na kusa. Gwani kuwa wannan ƙarin gudun na farko shi ke tsorata shi: ya ba inji wuta duka, ya ɗaga hanci, ya fasa sauka. Masanin yanayi Ted Fujita ne ya bayyana wannan iska bayan haɗarin wani jirgi a New York a 1975, wasu masana suka yi ta musu, har na Dallas a 1985 ya sa Amurka ta tilasta na'urorin gano ta. Mu ma mun ɗanɗana: sauyin iska ne ya tarar da jirgin ADC yana tashi daga Abuja ranar 29 ga Oktoba 2006, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu a ciki.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke karanta rahoton hukumar yanayi ta NiMet. Layi ɗaya ne na haruffa da lambobi da ni da kai za mu ɗauka kuskuren bugu ne. Matuƙi ya dube shi sau ɗaya ya san inda iska ta fito, ƙarfinta, nisan gani, da ko girgijen da ke gabas na tsawa ne. Tun a kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya ake koya wa ɗalibi wannan karatu, kafin a sakar masa jirgi shi kaɗai.