"A wurina dai tana aiki" ba amsa ba ce

Wata ɗabi'a ta yaɗu tsakanin masu rubuta manhajojin da ke kwaikwayon ƙananan ƙwaƙwalen lantarki, irin ATmega328P da ke cikin Arduino Uno. Mutum ya kawo ƙorafi cewa manhajar ta rikice masa a Windows, sai a ce ya je ya sauke Docker, a rufe magana. Ni dai ban yarda da wannan ba, domin sau da yawa ɓarakar tana cikin rubutun manhajar tun farko, injin mai ƙorafi tona ta kawai ya yi.

Ga "long" na harshen C. A Linux mai bit 64 faɗinsa bit 64 ne, a Windows kuwa 32. Uno na bugawa sau miliyan 16 a daƙiƙa. Idan a cikin "unsigned long" ake ƙirga bugun, a Windows ma'ajin zai cika bayan daƙiƙa 268 na lokacin Uno, wajen minti huɗu da rabi, ya koma sifili, duk lissafin lokaci ya wargaje. Mai gwajin minti ɗaya har abada ba zai gani ba. Docker a Windows kuwa Linux yake kunnawa ta ƙarƙashi, shi ya sa matsalar ke ɓacewa. An share ɗaki ne an tura sharar ƙarƙashin tabarma.

Ta "char" ta fi ban haushi. A injinan Intel da AMD yana ɗaukar lamba ƙasa da sifili, a Linux na ARM ba ya ɗauka. Umarnin BRNE na AVR, wato dangin ATmega328P ɗin, yana tsalle daga -64 zuwa 63. A ajiye tazarar a "char", sai -2 ta zama 254 a Raspberry Pi mai ARM, shirin da ya kamata ya koma baya ya zarce gaba. Nan Docker ma ba ya ceto, don ARM ɗin yana nan daram.

Ban ce Docker banza ba ne, yana da rana wajen haɗa kayan gini iri ɗaya ga kowa. Amma ɗalibin da ke da tsohuwar kwamfuta da data ta awo, me zai sa ya sauke wannan uban kaya saboda layi biyu? Tun 1999 C ke da stdint.h: a rubuta int8_t da uint64_t, faɗin ya tsaya cak a ko'ina. Mai son ganin ɓarakar "char" ba sai ya sayi Raspberry Pi ba, ya ƙara wa gcc -funsigned-char a injinsa ya sake gwaji.