Gafara Ba Ta Soke Adalci: Sharhi a kan Fim ɗin Graham Staines

Fim ɗin The Least of These, wanda ya fito a 2019, labarin Graham Staines ne, ɗan mishan daga Ostareliya mai hidima ga kutare a jihar Odisha ta Indiya. A Janairun 1999 aka ƙone shi cikin mota tare da 'ya'yansa biyu. Ƙarfin fim ɗin yana cikin gafarar da matarsa Gladys ta furta a fili.

Amma ya gaza a wuri ɗaya: baƙo ne a tsakiya, masu bi 'yan ƙasa kuwa suna gefe. A 2008, a gundumar Kandhamal ta jihar nan, an kashe Kirista da dama, an ƙone majami'u, dubbai suka gudu daji. Yawancinsu talakawa ne, kuma duniya ba ta riƙe sunayensu ba.

Makiyayin da zai nuna wa ikilisiya fim ɗin ya ƙara musu wannan tarihi. Gladys ta yafe, kotu kuma ta hukunta jagoran maharan. Mu koyar da duka biyun.