Matsalar Sunayen Ƙananan Jiragen Ruwa a Darasin Hausa

Babban abin da muke suka a jerin kalmomin sufuri da ake koyarwa shi ne ɗora wa “kwalekwale” nauyin da ya fi ƙarfinsa. Duk abin da ya hau ruwa, in dai bai kai girman jirgin ruwa ba, sai a kira shi kwalekwale, alhali Hausa tana da komi da jirgin fito, kowanne da muhallinsa.

Illar wannan takan fito fili a darasin tarihi. Jirgin ruwan zamanin da, wanda iska ke turawa, ba ya iya matsowa gaɓa inda ruwa ba zurfi, don haka yakan ɗauko ƙananan jirage a kansa. Mafi girmansu shi ke jigilar anga da gangunan ruwan sha. Akwai siriri mai sauri na shugaban jirgi, akwai kuma ƙarami na aike da ake ratayewa a baya. Da katako ake harhaɗa su, ba daga gungume ɗaya ake sassaƙa su ba. Ɗalibin da aka gaya wa cewa duka kwalekwale ne, zai ɗauka abin masunta ake nufi, ya kasa gane yadda baƙin teku suka riƙa taka ƙasa.

Ba ma goyon bayan a bi sunayen Ingilishi ɗaya bayan ɗaya ana fassarawa, domin Turawan kansu yawancinsu sun bar amfani da su. Abin da ya fi dacewa shi ne a raɗa suna bisa aiki, kamar yadda aka samu jirgin ƙasa da jirgin sama. Muna ba da shawarar “jirgin goyo” ga jinsin baki ɗaya, sannan “jirgin aike” da “jirgin kaya” a ƙarƙashinsa.

Sai dai wa za a gwada wa kalmar? An saba tsayawa a Kano da Sakkwato da Zariya. Amma tun 1863, lokacin da John Glover, hafsan sojan ruwan Ingila, ya kafa rundunar Hausawa a Legas, akwai masu jin Hausa da ke zaune a bakin teku. 'Ya'yan Obalende da Agege ɗalibanmu ne su ma. Ya kamata kwamitin kalmomi ya fara jin ta bakin dattawan waɗannan unguwanni da malamansu kafin a buga kowane jeri.