Gida a Kan Taya: Yawon Masu Ritayar Rashin Lafiya a Amurka

Zama a motar gida al'ada ce da ta yi kaka-gida a Amurka. Motar, wadda Amurkawa ke kira RV a taƙaice, tana ɗauke da gado da kicin da ban-ɗaki da firij, ta yadda mai ita zai kwana, ya yi girki, ya yi wanka ba tare da ya nemi masauki ba. Akasarin masu irinta suna da gidajensu, hutu kawai suke fita da ita. Amma akwai waɗanda ke sayar da gida ko su saki haya su tare a cikinta ɗungurungum. A cikin waɗannan akwai wani rukuni da lamarinsa ya sha bamban: mutanen da ciwo ya raba su da aiki tun shekarunsu ba su kai na ritaya ba.

Al'adar ta haura shekara ɗari. A 1910 kamfanin Pierce-Arrow ya baje kolin wata mota mai wurin kwana da masai a birnin New York, kuma a 1919 masu yawo da mota suka kafa ƙungiyar Tin Can Tourists a Tampa ta jihar Fulorida. Daga baya Wally Byam ya fito da tirelar Airstream mai jikin alminiyam, har a 1959 ya jagoranci ayarinta daga Cape Town zuwa Alƙahira. Kamfanin Winnebago, wanda aka kafa a jihar Iowa a 1958, yana cikin waɗanda suka sauko da farashi har ma'aikaci mai matsakaicin albashi ya iya saye. A yau yawancin motocin a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake harhaɗa su, kuma a 2021 kaɗai masana'antar ta fitar da sama da 600,000. Ko a adabi, tafiyar ta daɗe da haɗuwa da jinya. Marubuci John Steinbeck bai daɗe da tashi daga ciwo ba ya zaga ƙasar a 1960 cikin wata a-kori-kura mai ɗaki a baya, shi da karensa, tafiyar da ta zama littafin Travels with Charley a 1962.

Motocin iri-iri ne. Akwai mai girman bas, akwai ƙarama da ba ta wuce motar haya ta fasinja ba, akwai ta tsaka-tsaki mai gado a saman kan direba, sannan akwai tireloli da ake ja da wata motar daban. Ga mai lafiya, zaɓin magana ce ta aljihu da sha'awa. Ga mara lafiya kuwa jiki ne ke zaɓe: matakala nawa zai taka kafin ya shiga, ko zai iya durƙusawa ya ɗaura tirela, ko ƙofar ban-ɗaki za ta karɓi keken guragu. Winnebago na ƙera wasu masu na'urar ɗaga keken, sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin masu buƙatarsu.

Abin da ke tura mutane kan hanya ba ɗaya ba ne. Wanda aka yi wa aikin zuciya yana ɗan shekara hamsin da 'yan kai, ko wadda ta gama maganin sankara, sau da yawa sukan ga cewa yawon da suka ajiye sai bayan ritaya ba lallai ne rai ko ƙarfi ya kai su ba. Wasu yanayi suke bi, kamar mai ciwon gaɓoɓi da sanyin arewa ke wahalarwa. Ga mutane da dama kuwa, lissafin kuɗi ne tsagwaronsa: albashi ya tsaya, bashin gida da haraji ba su tsaya ba. Waɗannan dalilai sukan cakuɗe a zuciyar mutum ɗaya, shi ya sa yake da wuya a raba wanda ya fita don so da wanda ya fita don dole.

Tsarin fansho na Amurka ba ya sassauta wa wanda ya bar aiki da wuri. Ana iya fara karɓar fanshon gwamnati na Social Security a shekara 62, amma wanda aka haifa daga 1960 zuwa sama, cikakken haƙƙinsa sai ya kai 67, kuma idan ya karɓa a 62 za a zabge masa kashi 30 cikin ɗari har iya rayuwarsa. Asusun ajiyar ritaya na wurin aiki yana da tarar kashi 10 cikin ɗari ga wanda ya taɓa shi kafin shekara 59 da rabi, ko da yake an ɗauke tarar ga mai cikakkiyar nakasa. Akwai kuma kuɗin nakasa na gwamnati ga wanda ya yi aiki ya biya haraji, amma tantancewar tana ɗaukar watanni, ana yawan ƙin amincewa a karon farko, kuma ba a fara biya sai nakasar ta cika wata biyar.

Inshorar lafiya ita ce ƙashin bayan lamarin, kuma a nan ne al'adar ke cin karo da kanta. A Amurka yawancin ma'aikata daga wurin aiki suke samun inshora, saboda haka wanda ciwo ya kora daga aiki yakan rasa inshorar a daidai lokacin da ya fi buƙatarta. Dokar COBRA ta ba shi damar ci gaba da ta tsohon wurin aikinsa na wata 18, amma shi zai biya kuɗin gaba ɗaya. Inshorar gwamnati ta Medicare sai a shekara 65 take farawa. Mai karɓar kuɗin nakasa yana samunta kafin nan, amma sai ya jira wata 24, in ban da masu cutar ALS da masu mutuwar ƙoda da aka yi wa tanadi na daban. Dokar lafiya ta 2010, wadda aka fi sani da Obamacare, ta hana kamfanoni ƙin mutum saboda ciwon da yake da shi tun farko, kuma wannan ya buɗe wa marasa lafiya da yawa ƙofar fita. To amma inshorar da ake saye a ƙarƙashin dokar ta jiha-jiha ce, sau da yawa ma an ɗaure ta da asibitocin wani yanki kaɗai. Idan mai ita ya faɗi a wata jiha, za a biya masa kuɗin gaggawa. Ganin likitan zuciya na wata-wata kuwa, sai ya koma inda ya yi rajista. Medicaid, wadda ake ba masu ƙaramin ƙarfi, ita ma kowace jiha da tata. Likita kansa lasisin jiha yake riƙe da shi, don haka ko ta bidiyo ba ko'ina zai duba majinyacinsa ba. Motar ce ke yawo, asibiti yana nan inda yake, kuma wanda ya ɗauki wannan rayuwa da ciwo a jikinsa yana zagaye ne a kan igiyar da tsawonta ya dogara da ranar ganin likita ta gaba.

Wannan ne ya sa zaɓen adireshi ya zama babban aiki. Doka na buƙatar kowa ya kasance da jihar da yake kira gida, saboda lasisin tuƙi da lambar mota da zaɓe da haraji. Mazauna mota sun fi karkata ga Teksas da Fulorida da Dakota ta Kudu, domin ba sa karɓar harajin kuɗin shiga, kuma akwai kamfanonin da ke ba mutum adireshi su riƙa tura masa wasiƙunsa duk inda ya sauka. Ƙungiyar Escapees, wadda Joe da Kay Peterson suka kafa a 1978, ta buɗe irin wannan ofishi a Livingston ta Teksas, inda dubban mutanen da ba su da ko ɗaki a garin ke da adireshi. Mai lafiya zai duba haraji ya zaɓa. Mara lafiya dole ya fara da tambayar irin inshorar da ake sayarwa a gundumar, domin jihar da ta fi sauƙin haraji tana iya zama wadda ta fi ƙarancin zaɓi.

Rayuwar yau da kullum a cikin motar aikin ƙarfi ce fiye da yadda hotunan talla ke nunawa. Tankuna uku ne a ƙarƙashinta: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na masai. Duk 'yan kwanaki sai an je wurin juyewa. Mutum ya sa safar hannu, ya tsuguna, ya ɗaura ƙatuwar mesa a bakin bututu, ya soka ɗaya bakin a ramin da aka tanada, ya ja marfin tankin masai tukuna, sannan na ruwan wanka domin ya ɗauraye mesar. Bayan wannan akwai daidaita motar kada ta karkace, da cika tukunyar gas, da hawa rufi a duba inda ruwa ke yoyo. Ga wanda bayansa ya lalace, kowanne daga cikin waɗannan jarrabawa ce. Idan kuma injin ya lalace, gidan ne gaba ɗaya ke shiga gareji, mai shi ya koma otal da magungunansa a jaka har sai kayan gyara sun iso.

Wutar lantarki ma ta wuce maganar jin daɗi. Mai ciwon suga yana buƙatar firij da ba zai mutu ba saboda allurar insulin, mai matsalar numfashi cikin barci yana buƙatar na'urarsa ta kwana tana aiki. Shi ya sa irin waɗannan matafiya ke kashe kuɗi kan faifan sola da batura da janareta kafin komai. Magunguna masu ƙarfi na kashe zafi ba a maimaita su da tsohuwar takarda, sai likita ya rubuta sabuwa. Mai wankin ƙoda sau uku a mako dole ya nemi gurbi a cibiyar garin da zai je tun makonni kafin ya isa. Tsaunukan Kolorado, da kowa ke sha'awar gani, iskarsu ba ta wadatar da mai ciwon huhu. Saboda haka waɗanda suka daɗe a hanya sukan ba sabon shiga shawara guda: kada ya wuce mil 300 a rana, ya sauka kafin ƙarfe uku na yamma, ya kwana uku kafin ya sake tashi.

Tafiyar tana bin yanayi, kamar yadda makiyaya ke bin ruwa da ciyawa: arewa a lokacin zafi, kudu da hunturu. Babbar matattarar hunturu ita ce Quartzsite a hamadar Arizona, garin da mazaunansa ba su kai dubu huɗu ba, amma a watan Janairu motoci ke cika filayen da ke kewaye da shi iya ganin ido. Filayen na gwamnatin tarayya ne. A yawancin irin wannan fili ana sauka kyauta na kwana 14, sannan akwai wuraren da ake yankar takardar zama daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu, wadda ta yi shekaru ana sayar da ita dala 180. Mai nakasa ta dindindin yana da katin shiga gandun dajin ƙasa kyauta, da ragin rabin kuɗin sauka a sansanoni da yawa na tarayya. Daga Quartzsite kuma mutane kan gangara kusa da Yuma, su ajiye mota a bakin iyaka, su taka da ƙafa zuwa Los Algodones ta Meziko, ƙaramin garin da ya cika da likitocin haƙori da masu yanka tabarau, domin ainihin Medicare ba ta biyan yawancin aikin haƙori.

Hoton wannan rayuwa da ke isa ga jama'a kashi biyu ne, kuma kowanne ya rage wani abu. Tallan kamfanoni da tashoshin YouTube suna nuna faɗuwar rana da bakin tafki, ba sa nuna cewa motar tana faɗuwa a daraja kowace shekara, alhali gidan da aka sayar don a saye ta yana iya hauhawa. A ɗaya ɓangaren akwai littafin Nomadland na Jessica Bruder na 2017, da fim ɗin Chloé Zhao da ya ci kyautar Oscar a 2021, waɗanda suka bi tsofaffin da karayar tattalin arziki ta jefa kan hanya, suna aikin wucin gadi a rumbunan Amazon da wurin girbin gwozar sukari a Dakota ta Arewa. Littafin ya yi gaskiya game da talauci, amma wanda ya yi ritayar rashin lafiya ba ya cikin kowane hoton sosai. Ba zai iya tsayuwar awa goma a rumbu ba, kuma idan abin da yake samu ya haura wani ƙayyadadden adadi a wata, kuɗin nakasarsa na cikin haɗari. Aikin da ya fi dacewa da shi shi ne gadin sansani, inda ake ba shi wurin ajiye mota da wuta da ruwa a madadin karɓar baƙi.

Abin da ya fi cancantar yabo a al'adar shi ne zumuncin da ta haifar. Taron da wani mazaunin mota mai suna Bob Wells ya fara a Quartzsite, da ƙungiyar agaji da ya taimaka aka kafa a 2018, suna koya wa sababbi haɗa sola da tsimin ruwa. Maƙwabcin kwana uku yakan kai mutum asibiti, ya riƙe masa kare. Sai dai wannan zumunci yana watsewa da zarar yanayi ya juya, kuma nauyin jinya yakan koma kan miji ko mata, wanda shi ne direba, shi ne bakanike, shi ne mai jinya a ɗakin da bai wuce 'yan taku ba. Idan shi ma ya kwanta, tafiya ta tsaya cik.

Ranar ajiye tuƙi ita ce aka fi kauce wa maganarta. Wanda ya ware wani abu daga kuɗin gidansa yana iya sayen fili a sansani ko ya kama haya kusa da 'ya'yansa. Wanda ya zuba komai a mota yakan tarar ba shi da abin komawa, kuma wasu sansanonin 'yan kasuwa ba sa karɓar motar da ta wuce shekara goma. Kay Peterson, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta hango wannan giɓi, kuma a shekarun 1990 aka buɗe cibiyar CARE a Livingston. A can majinyaci yana zaune a cikin motarsa, ana ba shi abinci sau uku a rana, ana kai shi ganin likita, kuma a cikin masu hidimar akwai 'yan sa-kai daga cikin matafiyan. Wasu sukan yi 'yan watanni bayan tiyata su koma hanya, wasu kuma su zauna. Guraben cibiyar kaɗan ne idan aka kwatanta da yawan masu tsufa a cikin mota a faɗin ƙasar.