Shin Wasan Kwamfuta Zai Iya Ɗaukar Labari Mai Nauyi?

Duk wanda ya zauna ajin Hausa ya san an kasa rubutaccen adabi gida uku, wato zube da waƙa da wasan kwaikwayo, kuma kowanne da makamin da yake aiki da shi. Zube yana da bakin mai ba da labari, waƙa tana da kari da amsa-amo, wasan kwaikwayo kuma yana da furuci da motsin 'yan wasa. To ga wani baƙo ya yi sallama a ƙofar gidan, wato wasan kwamfuta, wanda yara suke kira gem. Da yawanmu ba mu san shi da komai ba face ƙwallo da tseren mota da harbe-harbe, saboda haka idan aka ce yana iya ɗaukar labari mai nauyi irin na ƙagaggen littafi, sai mu yi murmushi kawai. Amma mu da muka ga ja-in-jar da aka yi a shekarun 1990 a kan littattafan da aka yi wa laƙabi da Adabin Kasuwar Kano, ya kamata a ce mun fi kowa sanin haɗarin yanke wa abu hukunci kafin a buɗe shi.

Kafin mu yi nisa, bari mu ba masu suka haƙƙinsu, domin hujjarsu ba ta banza ba ce. Wanda ya fi fito da ita fili shi ne Roger Ebert, mashahurin mai sharhin fina-finai na jaridar Chicago Sun-Times ta Amurka, wanda ya rasu a 2013. A 2005 ya bayyana cewa wasan kwamfuta yana ƙasa da fim da littafi, dalili kuwa shi ne wasa ba ya tafiya sai da zaɓin mai yin sa, alhali adabi na gaske yana buƙatar linzami ya kasance a hannun mawallafi. A 2010 ya ƙara da cewa wasan ba zai taɓa zama fasaha ba, ko da yake bayan 'yan watanni ya amsa cewa bai kamata ya tsoma baki ba tun da bai san wasannin ba. Mu gwada hujjarsa da abin da muka sani. A littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, mahaifiyar Umar ta sha wahalar duniya wajen neman ɗanta, ta kuma rasu jim kaɗan bayan sun sake saduwa. Da za a ba mai karatu wani maɓalli ya danna ya tsame ta daga mutuwa, ai da kowa ya danna, da kuma littafin ya rasa abin da yake sa shi tsaya wa mutum a rai. Ashe ke nan Ebert ya taɓo wani abu.

Sai dai ni a ganina ya ɗauka cewa mai wasa yana da 'yancin da ba shi da shi. Mai wasa ba ya yin abin da ya ga dama, yana yin abin da dokar wasan ta bari ya yi ne. Wanda ya tsara dokar shi ne mawallafi, kuma dokar ita ce alƙalaminsa. A nan gizo yake saƙar, kuma ban san wasan da ya fi nuna haka ba kamar Papers, Please, wanda wani Ba'amurke mai suna Lucas Pope ya tsara shi kaɗai, ya fitar a 2013.

Zubin wasan mai sauƙi ne. Ana cikin ƙarshen shekarar 1982 a wata ƙagaggiyar ƙasa mai mulkin kama-karya da ake kira Arstotzka, wadda ta gama yaƙin shekara 6 da maƙwabciyarta Kolechia. An buɗe kan iyaka a garin Grestin, ƙuri'a kuma ta faɗa kanka, ka zama jami'in duba takardun masu shigowa. Duk duniyarka ita ce wani ɗan akurkin ɗaki da teburi da littafin dokoki da hatimi biyu, kore na izini da ja na kora. Mutum ya miƙo fasfo, ka duba suna da hoto da ranar ƙarewa da garin da aka bayar, ka buga hatimi, na gaba ya matso. Kowane mutum ɗaya da ka sallama daidai, za a biya ka kuɗin ƙasar guda 5. Idan ka yi kuskure, na farko da na biyu a rana gargaɗi ne, daga na uku sai tara. Agogo yana tafiya, dokoki kuma kullum ƙaruwa suke yi: yau a ce sai da takardar izinin shiga, gobe a ce sai da ta aiki, jibi a ce a binciki 'yan ƙasa kaza. Da yamma sai a nuna maka lissafin gida, ga kuɗin haya, ga na abinci, ga na ɗumama ɗaki, ga na magani, ga kuma matarka da ɗanka da surukarka da kawunka, kowanne an rubuta halin da yake ciki, ko yunwa, ko sanyi, ko ciwo. Idan kuɗi ya kasa, kai za ka zaɓi abin da za a haƙura da shi a daren.

Mai karatu zai ce to ina labarin yake? Ga shi nan tafe. A rana ta 5 wani mutum ya zo da takardunsa cif-cif, ka buga masa kore, ya roƙe ka da ka kyautata wa matarsa da take bayansa. Matar ta matso, sai ga shi ba ta da takardar izinin shiga, ta ce in ta koma kashe ta za a yi. Babu wani mai ba da labari da zai faɗa maka yadda jami'in ya ji, domin kai ne jami'in. In ka bar ta ta wuce, an rubuta maka laifi, wataƙila ma ka riga ka cinye gargaɗinka biyu, ɗanka kuma yana kwance yana jiran magani. In ka buga ja, ka raba mata da miji da hannunka. Washegari kuma sai a juya maka abin: wata mata ta saƙa maka 'yar wasiƙa cewa akwai wani mugu a layi da yake fataucin mata, in ya shigo ta halaka, shi kuwa da ya iso takardunsa ba su da aibu ko ɗaya. Doka ta kori mai gaskiya, ta buɗe wa azzalumi ƙofa. Can gaba kuma wani mai gadi zai yi maka tayin kaso daga ladan da ake ba shi a kan duk wanda aka tsare, sai ka wayi gari ka ga tsare mutane ya zama hanyar cefane.

Jigon wannan wasa dai tsoho ne, wato yadda mutumin kirki yake zama ɗan aiken zalunci ba tare da ya yi niyya ba, saboda albashi da iyali da tsoron na sama. Marubuta da yawa sun rubuta shi. Abin da yake sabo shi ne hanyar warware jigon. Littafi zai nuna maka jami'in da zuciyarsa ta bushe, ka tsaya gefe kana Allah-wadai da shi. Wasan kuwa sai ya busar da taka zuciyar a hankali. Bayan kwana goma kana gaggawar cika lissafi, za ka lura ka daina kallon fuskokin mutane, lambobi kawai kake dubawa, har haushi kake ji idan wani ya tsaya yana roƙo domin yana cinye maka lokaci. Hausawa sun ce wanda ya ɗaure kura shi ya san yadda zai kwance ta, to a nan kai aka ba igiyar. A 2018 wasu 'yan Rasha sun mayar da wasan ɗan gajeren fim, ya kuma yi kyau, amma mai kallonsa tausayi kawai yake ji. Kunya da jin alhaki sai wanda ya riƙe hatimin. Wasan yana da ƙarshe iri 20, duk da haka babu ko ɗaya a ciki da Pope bai rubuta ba, kuma babu hanyar da za ka bi ka fita ba ka cuci wani ba. Linzamin da Ebert yake nema yana nan daram a hannun mawallafi.

Kada a ce misali ɗaya ne, ga na biyu. A shekarar 2013 ɗin dai kamfanin Starbreeze na ƙasar Suwidin ya fitar da Brothers: A Tale of Two Sons, wanda Josef Fares, mai shirya fim haifaffen Lebanon, ya jagoranta. Wa da ƙane ne suka tafi neman ruwan magani domin mahaifinsu da yake kwance. Babu wata kalma da za ka fahimta a bakinsu, don harshen ƙirƙira suke yi. Hannunka na hagu shi yake tafiyar da wan, na dama kuma ƙanen. Yaron yana tsoron ruwa saboda a gabansa mahaifiyarsu ta nutse, don haka duk kogin da suka iso sai ya kama bayan wansa. Kusa da ƙarshe wan ya mutu, ƙanen ya binne shi, hannunka na hagu ya zauna ba aiki. A hanyar gida sai ga ruwa ya tare yaron, ka danna maɓallinsa ya ƙi shiga. Ba zai yi iyo ba sai ka danna maɓallin marigayin. Marubucin zube zai buƙaci shafi guda ya bayyana cewa ƙarfin wanda ya tafi yana zaune a jikin wanda aka bari. A nan yatsa ɗaya ne ya faɗa, kuma babu yadda za a yi a mayar da wannan jimla cikin littafi ko fim.

To amma fa ba duk abin da ya yi ƙyalli ne zinariya ba. Yawancin manyan wasannin da ake yabo da labari, fim ne aka yanka gunduwa-gunduwa aka cusa harbi a tsakani. Dubi jerin Uncharted na kamfanin Naughty Dog, inda shi kansa Pope ya yi aiki kafin ya kama gabansa. A gutsattsarin fim ɗin, tauraron, Nathan Drake, saurayi ne mai barkwanci da taushin zuciya, amma da an miƙa maka shi sai ka kashe ɗaruruwan mutane da hannunsa, sannan a koma barkwanci kamar ba a yi komai ba. Wani mai tsara wasanni, Clint Hocking, ya yi nuni da irin wannan saɓani tun 2007 a sharhinsa kan wasan BioShock, wato labari yana gabas, aikin mai wasa yana yamma. Da ɗalibi ne ya kawo mini ƙagaggen labari mai irin wannan tauraro, da na rubuta masa a gefe cewa halin tauraro bai daidaita ba. Ko The Last of Us na 2013, wanda ya fi su nauyi nesa ba kusa ba, sauƙin da aka samu wajen mayar da shi shirin talabijin a 2023 ya nuna cewa kaso mai yawa na ƙarfinsa aro ne daga fim.

Bugu da ƙari akwai naƙasun da suke jikin wasan kansa. Na farko, littafi ba ya hana ka shiga babi na 5 don ka kasa babi na 4, wasa kuwa yana yi, saboda haka wanda yatsunsa ba su ƙware ba an rufe masa ƙofa. Na biyu, damar komawa baya a sake gwadawa tana rage wa mutuwa da asara kaifi, domin abin da za a iya warwarewa ba ya zama ƙaddara. Na uku, kamfanoni suna ja wa labari tsawo da ayyukan cike gurbi don mai saye ya ga kuɗinsa bai tafi a banza ba, labarin awa 3 sai a miƙe shi ya kai 30. Na huɗu, littafin da aka buga a 1934 yana karantuwa yau da ido kawai, amma wasa yana rataye ne a wuyan na'ura da wuta da kuɗi, na'urar kuma tana tsufa.

Duk da haka wasu ƙasashe sun fara ɗaukar abin da muhimmanci. A 2020 gwamnatin Poland ta ba da sanarwar sanya This War of Mine cikin jerin abubuwan da manyan ɗaliban sakandare za su iya nazarta in sun so. Wasa ne na 2014 da aka gina a kan rayuwar fararen hula a birnin da aka yi wa ƙawanya, bisa darasin abin da ya faru a Sarayebo daga 1992 zuwa 1996, inda mai wasa yake fuskantar zaɓi irin na satar maganin tsofaffi don ceton nasa. A matsayina na malami ina ganin hikimar haka, domin tambayoyin da muke yi wa ɗalibi a kan jigo da salo da halin taurari duk suna da wurin zama a nan, sai dai a ƙara guda ɗaya: me aka tilasta maka ka aikata, kuma me ya sa?

Wannan tambaya ita ce ma'aunin da nake ba manazarta shawara su riƙe. A cire gutsattsarin fim da dogayen jawabai, a duba abin da ya rage a hannun mai wasa. In abin da ya rage harbi ne da tsalle, to labarin ɗan haya ne a gidan, ana iya kwashe shi a kai wani wuri. In kuwa jigon yana nan cikin dokar wasan, kamar hatimin Arstotzka da maɓallin marigayi, to mun samu sabon reshe mai makamin kansa, wanda ya cancanci a yi masa tarke da natsuwa irin wadda muke yi wa zube da waƙa. Irin waɗannan wasanni kaɗan ne, gaskiya ne, amma ai littattafan ƙwarai ma ba su taɓa yin yawa a kasuwa ba.