Launin Aro: Nazari Kan Shiryayyun Launuka a Aikin Bidiyo

Hoton da ke fitowa kai tsaye daga babbar kyamarar bidiyo ta zamani ba shi da daɗin kallo. Yakan fito a koɗe, toka-toka, baƙinsa bai kai baƙi ba, farinsa bai kai fari ba, har wanda bai san kan abin ba ya ɗauka kyamarar ce ta samu matsala. Da gangan aka yi shi haka. Idon kyamara yana iya kama tazarar haske da duhu fiye da yadda allon talabijin ko na waya zai iya nunawa, don haka kamfanoni suka ƙirƙiro hanyar matse wannan tazara a cikin fayil ɗaya: Sony tana da S-Log3, Canon tana da Canon Log, Panasonic tana da V-Log, ARRI kuma Log C. Tun daga iPhone 15 Pro na 2023, wayar Apple ma ta shiga sahu da Apple Log. Irin wannan hoto ɗanye ne, sai an gyara launinsa a kwamfuta kafin ya kai ga mai kallo. A nan ne shiryayyen launi ya samu kasuwa, wanda masu sana'ar suka fi sani da LUT.

LUT ɗan ƙaramin fayil ne mai ɗauke da jadawalin lissafi. Kowane ɗigo na hoto haɗi ne na ja da kore da shuɗi, jadawalin kuwa cewa yake yi: in ka ga wannan haɗi, ka mayar da shi wancan. Wanda aka fi amfani da shi yana raba kowane launi gida 33, abin da ke ba da maki 35,937, sauran launukan da suka faɗa tsakanin makin kuma kwamfuta ta ƙiyasta su. Iyakarsa ke nan. Jadawalin bai san fuska ba, bai san sama ba, bai san ko da rana aka ɗauka ko da dare. Lamba yake karɓa, lamba yake bayarwa.

Gyaran launi a kwamfuta bai daɗe ba. Fim ɗin O Brother, Where Art Thou? na shekarar 2000 shi ake yawan ambata a matsayin na farko a Hollywood da aka gyara launinsa daga farko har ƙarshe ta wannan hanya. An ɗauke shi a jihar Mississippi ta Amurka lokacin da ganye ya yi kore shar, alhali labarin yana bukatar busasshiyar ƙasa mai ƙura, sai mai ɗaukar hoto Roger Deakins ya shafe makonni yana mayar da koren nan ruwan ƙasa da ruwan ɗorawa. A lokacin, aiki ne na manyan ɗakuna da injuna masu tsadar gaske. Abin ya sauya bayan da Blackmagic Design ta sayi kamfanin da Vinci a 2009, ta karya farashin manhajar DaVinci Resolve, sannan a 2011 ta fitar da wadda ake saukewa kyauta. A shekarar ce kuma Technicolor ta saki CineStyle, saitin ɗaukar hoto a koɗe, don kyamarorin Canon irin su 5D Mark II. Kayan aikin sun iso hannun kowa, amma idon da ke sarrafa su bai zo a cikin kwali ba, sai 'yan kasuwa suka cike giɓin da tarin LUT na sayarwa, kowanne da alkawarin mayar da bidiyonka fim ɗin silima da dannawa ɗaya. Yau editan da ke tace fim mai dogon zango a Kano, da yaron da ke haɗa bidiyon biki a Maraɗi, da mai wasan barkwanci a CapCut, duk suna da ɗaruruwansu.

LUT iri biyu ne, kuma haɗa su a kwando ɗaya shi ke kawo ruɗani. Akwai na fassara, wanda kamfanin kyamara yake bayarwa don mayar da ɗanyen hoto zuwa ma'aunin Rec.709 na 1990 da allunan talabijin ke bi. Wannan ba ni da ja a kansa, lissafi ne da aka auna da kyamarar kanta. Ja-in-jar tana kan na biyu, na ado, wanda wani ya zauna ya gyara wani hoto nasa har ya yi masa daɗi, sannan ya daskarar da gyaran ya sa a kasuwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata ya san baba ɗaya ne a rijiya, amma farin ƙyalle zai fito shuɗi, rawaya kuwa ya fito kore. Haka LUT yake: abin da zai fito ya dogara da abin da aka tsoma. Wanda ya haɗa shi ya yi aiki ne da wata kyamara, a wani haske, galibi mai laushi irin na ƙasashen sanyi, a kan wata fata. Hotonka da ka ɗauka da ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu ba shi ne ƙyallen da aka auna ba.

Maganar fata ita ce ta fi damuna, don a nan ne ɓarnar ta fi fitowa fili kuma aka fi yin shiru a kanta. Salon da ya mamaye finafinan Amurka tun wajajen Transformers na 2007 shi ne haɗa ruwan goro da shuɗi mai ratsin kore. Dabarar tana da hujja: launukan biyu kishiyoyin juna ne, in aka tura fuska zuwa ruwan goro, aka tura inuwa zuwa shuɗi, mutum zai fito ɓaro-ɓaro daga bayansa. To amma ta yaya jadawali zai gane inuwa? Da ƙarancin haske kawai yake ganewa. Farar fata tana zaune a ɓangaren sama na ma'aunin haske, ta tsira. Baƙar fata, musamman gefen fuskar da fitila ba ta haska ba, tana zaune a ƙasa, daidai inda jadawalin ya tanadi shuɗinsa. Sai ka ga jarumi ya fito da kumatu kore-kore, ko fatarsa ta yi furu-furu ba jini. Editan da ya ga haka yakan ƙara haske don ya ceto fuskar, sai a ƙare da mutumin da danginsa ma sai sun duba sau biyu kafin su gane shi. Wasu amare, a faɗi gaskiya, hakan suke so, har su yaba wa mai kyamara. Wannan wata magana ce da ta shafi man bilicin fiye da kwamfuta.

Matsalar ta girmi LUT. Shekaru da dama ɗakunan wanke hoto suna daidaita injunansu da wani katin Kodak mai hoton Baturiya, wanda aka fi sani da katin Shirley. Binciken Lorna Roth na 2009 ya nuna cewa matsin lambar da ya sa kamfanin ya inganta yadda fim ɗinsa ke kama launuka masu duhu ya zo ne har daga masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda suka koka cewa hajarsu ba ta fita a talla. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fito da kati mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Yawancin LUT na ado da ke kwaikwayon tsohon fim daga wancan zamani suka samo dandanonsu.

Duk da haka laifin ba na jadawali ba ne. Moonlight na Barry Jenkins, wanda ya fito a 2016 ya kuma ci kyautar Oscar ta fim mafi kyau, kusan duk 'yan wasansa baƙaƙe ne, kuma da wuya ka ga fim ɗin da baƙar fata ta yi sheƙi da kwarjini kamarsa. Da LUT aka yi shi. Mai ɗaukar hoto James Laxton da mai gyaran launi Alex Bickel sun ba kowane babi cikin ukun nasa: na farko yana kwaikwayon fim ɗin Fuji, na biyu Agfa, na uku Kodak. Bambancin shi ne don wannan fim aka gina su, aka gwada su a kan waɗannan fuskoki da hasken Miami, sannan aka bi kowane yanki ana gyarawa da hannu.

Akwai kuma launin da ke ɗauke da ra'ayi. A Traffic na 2000, Steven Soderbergh ya rina sassan Meziko da rawaya don mai kallo ya bambance su da sauran zaren labarin. Dabarar ta zama al'ada, har ta kai duk ƙasar da ake son a nuna zafi da talauci da hatsari sai a zuba mata rawaya. Mutanen Bangaladash sun yi ta ƙorafi a kan yadda Extraction na 2020 ya nuna birnin Dhaka. Idan ɗan Zinder ya sauke LUT mai sunan hamada ya ɗora wa garinsu, ya ari idon baƙo ne ya kalli gidansu da shi. Ga shi kuma lokacin hunturu ƙura ta riga ta rina sararin, ƙarin rawaya sai dai ya kashe ɗan shuɗin da ya rage.

A harkar biki abin ya fi saurin jawo rigima. Amarya ta zagaya kasuwa kafin ta zaɓi leshinta ruwan hoda, ƙawaye sun fitar da anko kore, ango ya sha farar shadda, lalle ya kama ja jawur. Waɗannan launuka kuɗi aka kashe musu, kuma LUT na ado da yawa aikinsu na farko shi ne dusashe kore da karkatar da ja. Ɗakin taron ma ba haske ɗaya ba ne: hasken rana da ke shigowa ta taga yana wajen Kelvin 5600, ƙwan fitila mai ɗumi yana wajen 3200, ga fitilun ado masu ruwan shanshanbale suna yawo a kan fuskoki. Jadawali ɗaya ba zai daidaita su ba. Idan kuma kyamarar mai ɗaukar bit 8 ce, matakai 256 kacal take da su a kowane launi, maimakon 1,024 na mai bit 10. Da an ja hoton da ƙarfi sai sama ta tsage layi-layi, WhatsApp kuma ya ƙarasa abin da ya saura. Farar rigar da rana ta ƙone tun wajen ɗauka kuwa ta tafi, babu fayil ɗin da zai dawo da aikin zaren da ke wuyanta.

Ƙwararru ba su bar LUT ba, wurin da ya dace suke ajiye shi. Sukan fara daidaita haske da fari a kowane yanki, su sa yankunan su yi kama da juna, su duba fata a ma'aunin launi, inda fatar ɗan Adam, fara ko baƙa, ke faɗawa kusan kan layi ɗaya, bambancin yana ga haske da kauri. Sai a ƙarshe su ɗora na ado, sau da yawa a rage ƙarfinsa zuwa rabi ko ƙasa da haka. Na san abin da editanmu zai ce: shiri mai fita duk mako, wuta ba tabbas, furodusa yana kira, wa ke da lokacin bin yanki ɗari uku ɗaya bayan ɗaya? Uzuri ne mai ƙarfi, amma ya fi nuna bukatar a gina LUT na gida. Resolve yana ba kowa damar fitar da gyaransa a matsayin fayil. Yini guda na gwaji da 'yan wasan shirin, a tsakar gida da rana da kuma cikin falo da fitila, da katin toka a gaban kyamara, ya isa a samu jadawali biyu ko uku da za su yi wa shirin aiki har ƙarshen zango.

Sababbin kyamarori sun ƙara wa lamarin nauyi. Lumix S5 II ta Panasonic, wadda ta fito a 2023, tana bari a loda LUT a cikinta ta gasa shi a jikin hoton tun lokacin ɗauka, ba sai an je kwamfuta ba. Ga mai ɗaukar bikin da zai miƙa aiki gobe da safe, sauƙi ne babba. Sai dai ɗanyen hoton da ake komawa a gyara kuskure ba ya nan, kuma in jadawalin da aka loda na wata fata ne, da koren kumatun za a kai wa amarya bidiyonta.