Sharhi a Kan Littafin Carothers: Wa Aka Ƙirga?

A shekarar 1953 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga littafin Likita J. C. Carothers mai suna The African Mind in Health and Disease. Marubucin ya shugabanci asibitin mahaukata na Mathari da ke Nairobi, a ƙasar Kenya, daga 1938 zuwa 1950, saboda haka aka ɗauki maganarsa da nauyi. Daga cikin ra'ayoyinsa akwai cewa ciwon damuwa, watau baƙin cikin da kan kwantar da mutum ya hana shi ci da barci da sana'a, ba safai yake kama ɗan Afirka ba, wai don ba ya ɗora wa kansa laifi, sai ya jingina masifarsa ga sammu ko iskoki.

To, amma aibin wannan hujja yana wajen ƙidaya. 'Yan sanda da alƙalai ne suka fi cika asibitocin zamanin mulkin mallaka da waɗanda suka yi duka, ko suka tuɓe a kasuwa. Matar da ta shige ƙuryar ɗaki wata uku, ba ci ba magana, ba wanda zai kai ta Mathari; wajen boka ake nufa da ita. Ashe masu damun hukuma Carothers ya ƙirga, sa'an nan ya ce halin nahiya guda ke nan. Ko a Hausa ma, ba a cika ce wa irin wannan mata mahaukaciya ba, sai dai a ce iska ta buge ta.

Likita Adeoye Lambo, wanda tun 1954 yake saukar da majinyata a ƙauyukan Aro kusa da Abekuta tare da danginsu, shi ya warware wannan zance. Binciken da suka yi gida-gida da Alexander Leighton, aka buga a 1963, ya nuna alamun damuwa da fargaba sun yawaita a ƙauyukan Yarabawa.

Wannan Hukuma dai ta ƙiyasta mutum miliyan 970 masu larurar ƙwaƙwalwa a 2019. Masu cewa zamani ne ya kawo hauka sukan kafa hujja da wannan adadi, su manta ma'aunin ya sake: kundin likitocin Amurka ya jera cututtuka 106 a 1952, a 1994 kuwa sun kusa 300.